Minti Biyu na Farko: Yadda Ɗalibi Zai Shirya Mabuɗin Fim ɗin Fargaba

Ɗalibin da malaminsa ya ce ya shirya mabuɗin fim, wato minti biyu ko uku na farko, yakan yi murna don yana ganin an rage masa aiki. Sai ya zauna yi sannan yake gane cewa guntun nan ya fi ko'ina wuya. A nan ne mai kallo ke yanke shawarar zama ko tashi. Mai kallon yanzu kuwa, da ke riƙe da waya yana lissafin data, ba shi da haƙurin da aka yi wa fim a zamanin kaset, lokacin da mutum ya riga ya biya kuɗin haya, dole ya zauna ya ci kuɗinsa.

Wannan jagora ta 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ce a makarantun Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, Kebbe da Kuchi, da kuma masu karatun aikin jarida a Sakkwato waɗanda ke dawowa gida hutu da aikin ɗauka a wuyansu. Kayan da ake buƙata ba su wuce waya mai kyamara, wata wayar ta ɗaukar sauti, da abokai huɗu ko biyar masu cika alkawari ba. Kada ƙarancin kaya ya kashe wa kowa gwiwa. Samarin Kaduna da ake kira The Critics Company sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan da suka ɗauka da waya da koren ƙyalle. Steven Soderbergh, babban darakta a Amurka, ya ɗauki fim ɗinsa na fargaba mai suna Unsane, wanda ya fito a 2018, da wayar iPhone.

Dabarar duka a taƙaice ita ce: ka bi ƙa'idojin wannan nau'in fim don mai kallo ya san inda ya shigo, ka karya ɗaya ko biyu da gangan, sannan abin da za ka karya su da shi ka ɗauko shi daga garinku.

Fargaba daban, tsoro daban

Fim ɗin ban tsoro da aljani da fatalwa da jini yake aiki. Fim ɗin faɗa kuma naushi da gudu. Shi fim ɗin fargaba jarinsa jira ne. Mai kallo ya san wani abu na tafe, bai san yaushe ba, bai san ta ina ba, kuma ba shi da halin gargaɗin kowa.

Alfred Hitchcock, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya yi wa daraktan Faransa François Truffaut bayanin haka a hirarsu ta 1962 da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Mutum biyu na zaune suna hira, sai bam ya tashi. Mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙu, shi ke nan. Amma in an nuna masa lokacin da aka ajiye bam ɗin, aka nuna masa agogo, to hirar banzar da mutanen ke yi ta zama abin da ba zai iya ɗauke ido daga kai ba.

Kakanninmu masu tatsuniya sun riga kowa sanin wannan. Yaran da ke sauraro sun san kyakkyawan saurayin nan da ba shi da tabo ko ɗaya dodo ne ya rikiɗa, budurwar da ta ƙi samarin gari ce kawai ba ta sani ba. Duk takun da ta yi a bayansa zuwa daji, zuciyar yaran na dukan uku-uku. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kanka kafin ka rubuta ko layi ɗaya ita ce: me mai kallo zai sani wanda jarumina bai sani ba?

Ƙa'idojin da mai kallo ya saba da su

Ba wanda ya zauna ya rubuta su a matsayin doka. Yawan maimaitawa ne ya sa ido ya saba da su, har yaron da bai taɓa shiga ajin fim ba, wanda fassarar Algaita kawai yake kallo, yana gane su.

Ta farko, tambaya guda. Mabuɗi mai kyau yana dasa tambaya ɗaya tak a kan mai kallo, ya ƙi amsa ta. Wa ya yi? Me ke cikin jakar? Za ta tsira? In tambayoyin suka kai huɗu, ruɗani ka haifar, kuma wanda ya ruɗe ba ya fargaba, tsaki yake yi.

Ta biyu, ɓoye mai laifi. Ana nuna hannunsa, ko takalminsa, ko inuwarsa, a hana fuska. A fim ɗin Jaws na 1975, Steven Spielberg ya buɗe da harin da kifi ya kai wa wata budurwa a teku ba tare da an ga kifin ba. Kifin ƙarfen da aka ƙera don aikin ya yi ta lalacewa a lokacin ɗauka, dole aka rage nuna shi, sai hakan ya zama ƙarfin fim ɗin. A gida Najeriya, October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, ya fara ne da harin da wani da ba a san ko wane ne ba ya kai wa wata yarinya, kafin a kawo marigayi Sadiq Daba a matsayin Sufeto Danladi Waziri da aka tura ya binciko shi.

Ta uku, abu guda da kyamara ta matsa kusa da shi: makulli, wasiƙa, agogo, waya. Orson Welles ya buɗe Touch of Evil a 1958 da hannu yana saita bam, aka jefa shi a but ɗin mota, sannan kyamara ta bi motar cikin gari sama da minti uku ba yankewa. Duk wanda ya gifta kusa da motar sai ka ji kamar ka ja shi gefe.

Ta huɗu, mutum na yau da kullum cikin zamansa na lafiya. Sai an ga zaman lafiyar ake jin zafin ɓacinta. Kuma ana nuna ko wane ne shi da hoto, ba sai ya buɗe baki ba. A farkon Rear Window na 1954, Hitchcock ya zagaya da kyamara a ɗaki: mutum na barci yana gumi, ƙafarsa a ɗaure da farin siminti na asibiti, ga fasasshiyar kyamara, ga hotuna a bango. Kafin a ce uffan ka san sana'arsa, ka san abin da ya kwantar da shi.

Ta biyar, duhu da ƙunci: dare, lungu, ɗaki mai fitila ɗaya, rabin fuska a haske rabi a inuwa.

Ta shida, sauti da saurin yanka. Kiɗa mai nauyi da ke tasowa a hankali, hotuna masu tsawo da farko, sannan su riƙa gajarta yayin da haɗari ke matsowa. Sunan fim ɗin yakan faɗo daidai inda numfashi ya tsaya.

Ɗalibi Bahaushe yana da wasu sabo na biyu da zai yi la'akari da su, wato na finafinanmu. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, masana'antar ta fi ginuwa a kan soyayya da rikicin gida, kuma ta zo da nata salon buɗewa: dogon jerin sunaye, mota ta yi hon, maigadi ya buɗe get, a shiga falo a zauna. Mugu kuma tun daga nesa ka gane shi da baƙin gilashi da dariyar ƙeta. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Kwana Casa'in na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun koya wa masu kallo jiran mako mai zuwa da zullumi, don haka ƙasar a share take. Amma ka sani, duk lokacin da ka buɗe fim ba da mota da get ba, ka riga ka saɓa wa wani sabo.

Yadda ake karya ƙa'ida

Hitchcock da kansa ya nuna hanya. A tsakiyar North by Northwest na 1959, ana so a kashe jarumin. Abin da kowa zai zata shi ne lungu mai duhu da tsakar dare. Sai ya kai shi fili fetal da rana tsaka, gonaki iya ganin ido, ba wurin ɓuya, haɗarin kuma ya zo daga sama, daga jirgin feshin gona. 'Yan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, sun yi No Country for Old Men a 2007 kusan babu kiɗa, suka bar iska da takun ƙafa da ƙarar ƙofa suna aikin.

Kafin ka karya wata ƙa'ida, ka amsa tambaya uku. Mai kallo ya san ƙa'idar har zai ji an saɓa mata? Karyawar za ta ƙara masa fargaba ko kuwa burge kanka kawai kake so ka yi? Sauran ƙa'idojin da ka bari za su iya riƙe fim ɗin? In ka karya duka shida, abin da ka yi ya tashi daga fim ɗin fargaba. In ba ka karya ko ɗaya ba, ka yi kwafin abin da wasu suka yi da kuɗin da ba ka da shi. Gishiri ne: kaɗan ya gyara miya, da yawa a zubar.

Mafi sauƙin hanyar samun abin da za ka karya ƙa'ida da shi ita ce ka dubi abin da garinku ke da shi wanda Landan da Mumbai ba su da shi. Tambuwal na da rana mai farin haske da ke kore kowa daga titi bayan azahar. Tana da babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda baƙo ke sauka ba wanda ya san daga ina yake. Tana da hazon hunturu da ke haɗiye mutum a taku hamsin. Tana da ladabin da ba ya barin yaro ya wuce babba bai durƙusa ba, komai saurin da yake yi. Wannan na ƙarshen shi za mu gwada.

Misali: samira mai hawa uku

Ga mabuɗi na minti biyu, hoto bayan hoto.

Allo baƙi. Ana jin ƙarar ƙarfe na taɓa ƙarfe. Hoto ya buɗe a kusa sosai: hannun namiji mai zoben azurfa yana riƙe da waya mai fasasshen gilashi. Ya danna maɓallin gefe, fuskar wayar ta yi duhu, ya ɗauka ta mutu. Ya sa ta a hawan ƙasa na samira, ya ɗora na tuwo, ya ɗora na miya, ya ƙulle marikin. Ba a ga fuskarsa ba. Muryarsa kawai: "Kai ma kawunki gona. Kar ki tsaya ko'ina." Wasu ƙananan hannuwa suka karɓa. "To, Baba."

Hoton nesa. Rana tsaka, lungu ba kowa, awaki sun lafe a gindin katanga. Yarinya 'yar shekara goma tana tafe da samira. A bar wannan hoton ya daɗe.

Ta sha kwana. A ƙofar wani gida an shimfiɗa tabarmi, maza sun yi jugum. A bakin zaure wata tsohuwa na zaune, wani yaro ya danna mata lamba a ƙaramar waya ya miƙa mata, ta kara a kunne. A maƙwabta injin niƙa na ta ruri.

Yarinyar ta rage tafiya. An ce kar ta tsaya, amma ba yadda za a yi ta wuce. Ta durƙusa, ta ajiye samirar a ƙasa.

"Ina wuni, Inna?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina za ki da ranag ga?"

"Baba ya aike ni. Inna, an ji labari nai?"

"Shiru, ɗiyata. Tun jiya muke kira, tana shiga, ba a ɗauka."

"Allah shi bayyana shi."

Hoton kusa: marikin samira na rawa a hankali. Mai kallo ya gani, ba wanda ya ji, injin ya danne komai. Daga nan hotuna su fara gajarta: fuskar tsohuwa, mariki, idon yarinya, bel ɗin injin na juyawa, mariki. Sai injin ya yi tari ya mutu. Cikin shirun, ƙarfe ya yi zuuu, sau ɗaya, sau biyu. Tsohuwa ta sauke wayar daga kunnenta a hankali, ta dubi ƙasa. Allo baƙi. Sunan fim.

Wannan mabuɗi ya bi ƙa'ida huɗu da rabi. Tambayarsa ɗaya ce: me Baba ya yi wa mai wayar? Fuskar mai laifi a ɓoye take, zobe kawai aka bar wa mai kallo ya riƙa nema a hannun kowa. Akwai abu guda da kyamara ta matsa wa. Jarumar yarinya ce da aka aika, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Yanka ya tashi daga nutsuwa zuwa sauri. Abin da ya karya biyu ne: ya bar dare ya koma rana tsaka, ya bar kiɗa ya ɗauki injin niƙa. Gaisuwar da a wani fim za a ce ta ja lokaci, a nan ita ce tarkon, domin duk kalmar ladabi da yarinyar ta ƙara, ƙarin daƙiƙa ce kusa da tonon asiri.

Ka lura da danna maɓallin nan na farko. An sa shi ne saboda mai kallo mai wayo zai ce, me ya hana shi kashe wayar? Duk mabuɗin da ka rubuta, ka nemo irin wannan tambaya ka toshe ta da hoto ɗaya. Ka kuma lura 'yan wasan da harshen gida suka yi magana. Kada ka tilasta wa tsohuwar Kebbe Kananci don haka ka saba ji a fim. Da "munka" da "anka" ɗinta za a fi yarda da ita.

Shiri kafin ranar ɗauka

Rubuta labarin a takarda. Shafi ɗaya na rubutun fim yakan ba da kusan minti ɗaya, don haka shafi biyu zuwa uku sun isa. Bayan haka ka zana kowane hoto a ɗan akwati, ko da zanen 'yan sanduna ne, ka rubuta a ƙasa ko na nesa ne, matsakaici ko na kusa, da daƙiƙa nawa zai ci. Mabuɗi irin na sama bai wuce hoto 20 zuwa 25 ba. Raba aiki: darakta, mai kyamara, mai sauti, da mai lura da daidaito, wanda zai tuna cewa a hannun dama yarinyar ta riƙe samira, kuma hijabinta shuɗi ne.

Je lokeshan kwana ɗaya kafin aiki, a daidai sa'ar da za ku yi ɗauka. Dubi inda rana take faɗuwa, saurari abin da ke ƙara, tambayi lokacin da yara ke tasowa daga makarantar allo.

Sai izini, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Karɓi takarda daga makaranta. Je wurin mai unguwa da kanka, ka gaishe shi, ka gaya masa abin da za ku yi da ranar da za ku yi. Nemi yardar mai gidan da za a nuna ƙofarsa, da ta iyayen duk yaron da zai fito. In aikin zai tara mutane a titi ko tasha, a sanar da 'yan sanda da 'yan sintirin unguwa. Kebbe na iyaka da Zamfara da Kebbi, kuma kowa ya san halin tsaron da yankin nan ke ciki. Kada a fito da bindigar roba, kada a sa kaki, kada a rufe fuska da rawani a hau babur, kada a shiga daji da yamma. Wanda ya hango ku daga nesa bai san wasa kuke yi ba. Haka kuma kada a ɗauki masifar da ta faɗa wa wani gida a gari a mai da ita labari, kuma kada a yi wa mugu shigar da za ta nuna wata ƙabila. Misalin samira ya isa shaida cewa ana tsayar da numfashin mutane ba makami, ba jini, ba wanda ya taɓa wani.

Ranar ɗauka

Goge gilashin kyamara kafin kowane hoto, musamman da hunturu. Sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya yanke muku aiki. Kwantar da ita a kwance, ka saita ta a 1080, ka tabbatar akwai wuri a ma'ajiyarta da caji a batirinta. Danna fuskar ɗan wasa a allo ka riƙe har hasken da saitin su kulle, in ba haka ba hoton zai riƙa haske yana duhu da kansa. Kada ka ja hoto da yatsa, ka matsa da ƙafarka. In babu sandar ɗora kyamara, buhun gero a kan kujera yana riƙe waya ƙyam.

Ranar tsaka tana da wuyar sha'ani. Tana zuba inuwa a ramin ido, don haka wani ya riƙe farin kwali a ƙasan fuskar ɗan wasa ya maido masa haske. Da bazara, zafi a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, waya na iya ɗaukar zafi ta tsaya. Cire mata riga, riƙe mata lema, a mai da ita inuwa tsakanin hoto da hoto. Fara da hotunan nesa, a gama su cikin sa'a guda, domin inuwa na tafiya, kuma in ta bambanta tsakanin hoto biyu ido zai kama. Hotunan kusa, irin na hannu da mariki, ana iya yin su daga baya.

In mutum biyu na magana, ka ɗauka akwai layi a ƙasa daga ɗaya zuwa ɗaya. Zaɓi gefe guda na layin ka tsaya a nan. In ka tsallaka, a allo za a ga kamar dukansu gefe ɗaya suke kallo. Ɗauki tsohuwa daga ɗan ƙasa, daidai idon yarinyar da ke durƙushe, mai kallo zai ji shi ma a durƙushe yake.

Sauti ne ke kashe yawancin finafinan ɗalibai. Mutane na haƙuri da hoto mai rauni, ba sa haƙuri da maganar da ba a ji. Sa waya ta biyu a aljihun ɗan wasa ko a ɓoye ta bayan wani abu kusa da bakinsa. Kafin darakta ya ce a fara, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za a daidaita hoto da murya wajen haɗawa. Kada a ɗauki gaisuwar injin na aiki da gaske. A roƙi mai injin ya kashe, a ɗauki magana tsaf, sannan a ɗauki rurin injin shi kaɗai, har da yadda yake mutuwa. Rawar waya a cikin samira kuma a ɗaki za a ɗauke ta, an rufe ƙofa da taga. A ƙarshe kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na sautin lungun kawai, zai yi amfani wajen cike giɓi. Kowane hoto a maimaita shi har sai an sami biyu masu kyau.

Haɗawa

CapCut ko KineMaster sun wadatar. Jera hotuna yadda aka zana su, ka kalla sau ɗaya ba sauti. In an gane labarin a haka, aiki ya yi. Hotunan farko su kai daƙiƙa 6 zuwa 8, na kusa da ƙarshe su sauko zuwa 2, har 1. Bari sauti ya riga hoto: a fara jin injin tun yarinyar ba ta sha kwana ba. Guji kwalliyar da manhaja ke tallatawa, hoto na juyawa ko yana tarwatsewa. Yanka kai tsaye ya fi tsoratarwa.

Sunaye su zama kaɗan, da farin rubutu marar ado a gefen hoto, sauran a kai ƙarshen fim. In za ka sa kiɗa, kada ka ɗebo na fim ɗin wani, YouTube na gane shi kuma yana iya toshe aikin. Nemi mai kalangu ko mai goge ya ba ka sauti ɗaya mai ja, ko ka yi amfani da lugude, ko ɗigon ruwa a bokiti. Kiran salla da karatun Alƙur'ani kuwa ba kayan tayar da hankali ba ne, a bar su a inda darajarsu take.

Gwaji da bayanin da za a miƙa wa malami

Kafin ka miƙa aiki, nemi mutum uku da ba su san labarin ba, kuma ba 'yan ƙungiyarku ba. Kunna musu, kai kuma ka kalli fuskokinsu. Inda ido ya bar allo, nan ne hoton ya yi tsawo. Da an gama ka tambaye su: me ke cikin samirar? Wa kuke jin tsoro dominsa? Me kuke so ku sani yanzu? In biyu daga cikinsu ba su gane waya ce aka ɓoye ba, ƙara wa hoton farko daƙiƙa biyu. In sun ce sun riga sun san ƙarshen labarin, ka nuna da yawa, rage. Kada ka tsaya yi musu bayani da baki, domin ranar da baƙo zai kalli fim ɗin ba ka wurin.

Malami zai so ka rubuta yadda aikinka ya bi ƙa'idojin nau'insa da yadda ya saɓa musu. Raba takarda gida uku: ƙa'idar, fim ɗin da ka gan ta a ciki, da abin da kai ka yi da ita, tare da minti da daƙiƙar da za a duba. Kowace saɓawa ka ba ta dalilin da ya shafi mai kallo. "Mun yi da rana don ba mu da fitila" gaskiya ce, amma ba ta cin maki. Rubuta cewa kun zaɓi rana tsaka saboda a garinku lokacin ne lungu ke zama ba kowa, kuma mai kallon da ya saba jiran haɗari da dare ba zai shirya masa ba. Haɗa da abin da mutum ukun nan suka faɗa da gyaran da kuka yi saboda su. Sannan ka ajiye duk hotunan da ba a yi amfani da su ba a wuri biyu, domin in mabuɗin ya karɓu, abu na gaba da za a tambaye ku shi ne ina sauran fim ɗin.